Idan Sojojin Ƙetare Suka Shigo, Wa Ke Cin Riba? Fashin Baƙi Daga Kebbi

Shin idan sojojin wata babbar ƙasa suka shigo yankinmu da jiragensu da makamansu, matsalar tsaro za ta ƙare ne, ko kuwa za ta rikiɗe ta zama wadda ta fi ta yanzu muni? Wannan tambaya ta shiga bakin jama'a a Kebbi da Zamfara tun farkon Nuwamban 2025, lokacin da shugaban Amurka Donald Trump ya yi barazanar turo soja Najeriya bisa zargin ana yi wa Kiristoci kisan gilla. Ta ƙara zafi bayan da Amurka ta harba makamai a jihar Sakkwato ranar 25 ga Disamba, harin da gwamnatin tarayya ta ce da saninta aka kai shi. A majalisun dare da tashoshin mota da Facebook an rabu biyu. Wasu na cewa ko wane ne ya zo, in dai zai raba su da ɓarayin daji, lale marhabin da shi. Wasu na cewa duk ƙasar da Turawa suka shiga da sunan ceto ba ta sake zama lafiya ba, har suna ƙarawa da cewa su ne ma ke ƙirƙiro ƙungiyoyin ta'addancin da hannunsu.

Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Sai dai abin da ya faru a duniya daga 1979 zuwa yau ya fi maganganun biyu sarƙaƙiya, kuma ya shafe mu kai-tsaye, domin wani ɓangare na abin da mutanen ƙananan hukumomin Augie da Arewa a Kebbi ke fama da shi a Libiya ya samo asali.

Abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe

Shigowar sojan ƙetare ba iri ɗaya ba ce. Akwai mamaya ta gaba ɗaya, inda ake kifar da gwamnati a zauna a ƙasar, kamar yadda Amurka da Birtaniya suka yi wa Iraƙi a 2003. Akwai luguden wuta ta sama ba tare da an jibge dakaru a ƙasa ba, irin na NATO a Libiya a 2011. Akwai wadda gwamnatin ƙasa ke gayyata da kanta, kamar yadda Mali ta kira Faransa a 2013. Akwai kuma wadda ba a ganin soja ko ɗaya, sai kuɗi da makamai da ake tura wa 'yan tawaye ta bayan fage. Abin da kowacce ke haifarwa daban ne.

Sannan mu nan mun saba tara kowa a ƙarƙashin sunan 'yan bindiga, alhali iri biyu ne. Ɓarawon dajin da ya addabi Maru da Anka da Danko-Wasagu shanu yake nema, da kuɗin fansa, da harajin da yake ɗora wa manoma kafin su shiga gona ko su kwaso amfani. Zaluncinsa ba ya da iyaka, amma bai zo da wa'azi ba, bai kuma damu da kafa kotu ba. Mai tsattsauran ra'ayi kuwa mulki yake so. Zai soke ikon hakimi da alƙali, ya karɓi abin da yake kira zakka, ya yanke wa mutane abin da za su sa da abin da za su saurara, ya halatta jinin duk wanda ya saɓa masa ko da Musulmi ne mai salla biyar. Na farkon ana raunana shi idan aka toshe masa kasuwar shanun sata da hanyar mai da harsashi. Na biyun yana da labarin da yake jan matasa da shi, kuma wannan labarin ne zuwan sojan ƙetare kan ƙara wa ƙarfi.

Iraƙi: yadda aka rusa hukuma da takarda biyu

Saddam Husaini azzalumi ne, wannan ba abin musu ba ne. Amma kafin Maris na 2003 Alƙa'ida ba ta riƙe da ko gari ɗaya a yankunan da yake mulka. An shiga ƙasar da hujjar yana ɓoye makaman ƙare-dangi, aka bincika ba a same su ba. Ɓarnar da ta fi daɗewa kuwa ta biyo bayan faɗuwar Bagadaza. A watan Mayun 2003 Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya tafiyar da ƙasar, ya sa hannu a kan umarni biyu a tsakanin mako guda. Na farko ya kori 'yan jam'iyyar Ba'as masu matsayi daga aikin gwamnati, har da ɗimbin malaman makaranta da suka riƙe katin jam'iyya don kawai su tsira da aikinsu. Na biyu ya rusa rundunar sojan ƙasar baki ɗaya. Mutum dubu ɗaruruwa da suka san bindiga, suka san inda rumbunan makamai suke, suka wayi gari ba albashi, ba mutunci, ga iyali a gida.

A irin wannan yanayi Abu Mus'ab al-Zarƙawi, ɗan ƙasar Jodan, ya samu mabiya, ya yi wa Usama bin Laden mubaya'a a 2004. A shekarar ce hotunan cin zarafin fursunoni a kurkukun Abu Ghraib suka bazu a duniya, suka zama abin da masu ɗiban matasa ke nunawa ba sai sun yi dogon bayani ba. A sansanin Bucca da ke kudancin ƙasar, Amurkawa sun tsare tsoffin hafsoshin Saddam da masu aƙida wuri ɗaya, suka san juna, suka ƙulla alaƙa. Abubakar al-Bagadadi, wanda daga baya ya zama shugaban ƙungiyar ISIS, ya zauna a can a 2004.

An kashe Zarƙawi a 2006, ƙungiyarsa kuma ta yi rauni sosai lokacin da ƙabilun Anbar, waɗanda suka gaji da zaluncinta, suka juya mata baya. Wannan abin lura ne: mutanen gari ne suka karya ta. Amurka ta kwashe sojojinta a ƙarshen 2011, gwamnatin Nuri al-Maliki ta mayar da 'yan Sunni saniyar ware, yaƙin Siriya ya buɗe sabon fili a maƙwabta. A Yunin 2014 birnin Mosul ya faɗa hannun ISIS, wadda ta tsiro daga ƙungiyar Zarƙawi, kuma da dama daga cikin masu tsara mata yaƙi tsoffin hafsoshin da aka sallama a 2003 ne. Babu wanda ya zauna a fadar shugaban Amurka ya zana tutar ISIS. Amma in ka cire mamayar 2003 daga labarin, ba za ka iya faɗin inda ƙungiyar ta samo hafsoshinta da makamanta da fushin da ta yi amfani da shi ba.

Daga Libiya zuwa Mali, daga Mali zuwa ƙofarmu

Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, wanda ya ba da izinin kare fararen hula a Libiya. Mutane da yawa sun manta cewa Najeriya na da kujera a kwamitin a lokacin, kuma ta kaɗa ƙuri'ar amincewa tare da Afirka ta Kudu da Gabon. Aikin kare fararen hula ya zarce zuwa kifar da gwamnati, aka kashe Mu'ammar Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba. Barack Obama da bakinsa ya ce a 2016 rashin shirya wa abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne kuskure mafi girma a mulkinsa.

Rumbunan makaman Libiya suka zama ba mai tsaro. Abzinawan da suka yi wa Gaddafi aikin soja suka koma arewacin Mali da motoci cike da makamai, tawaye ya ɓarke a Janairun 2012. A watan Maris sojoji suka yi juyin mulki a Bamako, cikin 'yan kwanaki Kidal da Gao da Tumbuktu suka faɗi. Masu neman ɓallewar Azawad, wato arewacin Mali, ba su daɗe a kai ba, masu tsattsauran ra'ayi na ƙungiyar Ansar Dine ta Iyad Ag Ghali da ƙungiyar MUJAO da reshen Alƙa'ida na yankin suka ture su suka karɓe biranen.

Faransa ta shigo a Janairun 2013 ta ƙwato biranen cikin makonni, mutanen Tumbuktu suka tarbi shugaba François Hollande da kiɗa da murna. Wanda ya ga wannan rana zai rantse an gama. Amma mayaƙan ba ƙarewa suka yi ba, watsewa suka yi cikin karkara. Suka gangara tsakiyar Mali, inda wani mai wa'azi, Amadou Koufa, ya tarar da tsohon rikicin makiyaya da manoma da ƙorafin zaluncin jami'an gwamnati, ya yi wa wannan ƙorafi rigar addini. A 2015 reshen ISIS na Sahel ya bayyana, a 2017 ƙungiyoyin da ke bin Alƙa'ida suka dunƙule suka zama JNIM. Rundunar Barkhane ta Faransa ta kai kusan soja dubu biyar, ga dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, ga sansanin jirage marasa matuƙa na Amurka a Agadas, duk da haka wutar ta ci Burkina Faso, ta shiga Tillaberi da Tawa a Nijar, ta kai arewacin Benin. Faransa ta fice daga Mali a Agustan 2022, daga Nijar a Disamban 2023. Sojojin hayar Wagner na Rasha da Mali ta ɗauko ba su kawo sauƙi ba. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura a Maris na 2022, a farmakin da sojojin Mali da baƙin mayaƙa suka kai.

Kebbi na da iyaka da jihar Doso ta Nijar da kuma Benin. Mutumin Kamba ya san Gaya ta Nijar ba nisa, mutumin Bagudo ya san cewa dajin da ke bayansa bai san shingen kwastam ba.

Afganistan da Somaliya a taƙaice

Tarayyar Sobiyet ta mamaye Afganistan a Disamban 1979. Amurka da Saudiyya suka zuba kuɗi da makamai ta hannun Pakistan don a kore ta, matasa daga ƙasashen Larabawa suka yi tururuwa, a cikinsu aka kafa Alƙa'ida a 1988. Sobiyet ta fice a 1989, masu ba da kuɗin suka juya baya, yaƙin basasa ya haifi Taliban wadda ta kama Kabul a 1996. Amurka ta kore ta a 2001, ta zauna shekara ashirin, a Agustan 2021 Taliban ta koma kan mulki.

A Somaliya, al-Shabaab ƙaramin reshen matasa ce a cikin Kotunan Musulunci da suka karɓi Mogadishu a 2006. Da Habasha ta shigo a Disamban shekarar da goyon bayan Amurka, sai ta zama ita ce mai kiran a kori mamaya, har waɗanda ba su yarda da aƙidarta ba suka bi ta. Kafin Habasha ta janye a farkon 2009 ƙungiyar ta zama babbar runduna.

Gawar farar hula

Hanyar da ta fi saurin kai matashi hannun waɗannan ƙungiyoyi ita ce ganin an kashe nasa ba da haƙƙi ba, kuma babu inda zai kai kuka. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hira da ɗaruruwan tsoffin mayaƙa a Afirka, ta fitar da rahoto a 2017. Kashi 71 cikin 100 na waɗanda suka shiga da kansu sun ce wani mataki na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki, shi ne abin da ya ingiza su a ƙarshe.

Mu ba baƙin wannan ba ne. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojan Najeriya ya jefa bam a kan masu Maulidi a Tudun Biri da ke jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu. Idan sojanmu, wanda a cikinsa akwai mai jin Hausa da Fulatanci, zai iya kasa bambance taron zikiri da taron 'yan bindiga, me ake tsammani daga wanda ke kallon daji ta allo daga wata nahiya? Akwai kuma wani bambanci mai nauyi. Bayan Tudun Biri babban hafsan sojan ƙasa ya je garin ya ba da haƙuri, aka tayar da maganar a majalisa, aka yi ta a gidajen rediyo. A Bounti da ke Mali kuwa, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce harin jirgin Faransa ya kashe fararen hula 19 a wurin biki a Janairun 2021, Faransa ta ce 'yan ta'adda ta kashe, maganar ta tsaya nan. Mutumin ƙauye ba ya da sanata a Faransa.

Sai kuma sunan da aka ba yaƙin. A Zamfara masu kisan da waɗanda ake kashewa kusan duk Musulmi ne. A ƙasar Zuru ɓarayin daji ba sa tambayar addinin mai gona kafin su ɗauke shi. Idan babbar ƙasa ta ce ta zo ne don kare mabiya addini ɗaya, ta miƙa wa mai wa'azin tsattsauran ra'ayi hujjar da ya daɗe yana nema, cewa yaƙin tsakanin addini biyu ne. A ganina wannan ya fi makamin da aka harba haɗari.

Shin su ne ke ƙirƙiro su?

Nan ne nake rabuwa da masu ɗora komai a kan Turawa. Babu sojan ƙetare ko ɗaya a Maiduguri lokacin da aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Yulin 2009. Rikicin Zamfara a gida ya tsiro: satar shanu, burtali da makiyayar da aka cinye da gonaki, 'yan sa-kai da ke kashe Bafulatani a kasuwa ba shari'a, ramuwar gayya a kan ƙauyukan da ba su ji ba su gani ba, har aka kai ga kisan fiye da mutum ɗari a 'Yargaladima a Afrilun 2014. Ƙungiyar da ta zama reshen Alƙa'ida a Sahel ma daga yaƙin basasar Aljeriya ta fito, bayan da sojojin ƙasar suka soke zaɓe a 1992. Sojan ƙetare yakan tarar da rashin adalci da talauci da hukumar da ta yi nisa da jama'a, sai ya ƙara musu makamai da gawarwaki da dalilin haɗa kai. Wanda ya ce komai shirin Turawa ne ya wanke shugabanninmu daga laifin da yake nasu.

Hujjar masu cewa a zo

Ba daidai ba ne wanda ke kwana lafiya a birni ya raina wannan ra'ayi. Uban da aka ɗauke wa 'ya a cikin 'yan mata 279 na Jangebe a 2021, ko a makarantar Birnin Yauri a shekarar, ko a Maga a Nuwamban 2025, ba tarihin Iraƙi ke gabansa ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Kuma akwai inda taimakon waje ya yi amfani. Sojojin Birtaniya sun taimaka wajen kawo ƙarshen yaƙin Saliyo daga 2000, bayan jinin da sojojin Najeriya suka zubar a can a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar ƙasashen ECOWAS. Dakarun ECOWAS sun sa Yahya Jammeh ya bar mulkin Gambiya a Janairun 2017 ba tare da yaƙi ba. Sojojin Chadi da Nijar sun taimaka aka ƙwato garuruwan Borno daga hannun Boko Haram a 2015. Mosul ma an ƙwato shi a 2017 da taimakon jiragen ƙasashen waje, amma 'yan Iraƙi ne suka shiga unguwa-unguwa. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne manufa ƙayyadajjiya, da kuma hukumar gida da ke shirye ta zauna a wurin washegari. Inda babu wanda zai zauna, wanda aka kora ne ke dawowa, ko wanda ya fi shi.

Lakurawa

Darasin ma bai buƙaci a je Bagadaza ba. Masu binciken yankin sun bayyana cewa wasu shugabannin al'umma a Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato ne suka fara maraba da mutanen nan masu makamai daga tsallaken iyaka da ake kira Lakurawa, shekaru kafin sunansu ya shiga jaridu, don su kore musu ɓarayin shanu. Da farko sun yi aikin. Daga baya suka fara wa'azi, suka fara karɓar shanu da sunan zakka, suna hukunta matasa kan kiɗa da aski, har suka juya kan waɗanda suka karɓe su. A Nuwamban 2024 Hedikwatar Tsaro ta sanar da kasancewarsu a Sakkwato da Kebbi, ta kuma danganta ƙarfinsu da lalacewar haɗin kan tsaro da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. A watan ne aka kashe mutum 15 a Mera da ke ƙaramar hukumar Augie. A Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Mutanen da suka kira su ba mugaye ba ne, hukuma ce ba ta zo ba lokacin da suka nemi agaji.

Abin da zai iya shafar talaka

Idan hare-haren waje suka ɗore, abin da ya faru a Mali ya nuna mayaƙa kan bar inda ake jefa bam su faɗa inda ba a tsammani, kuma dazuzzukan Kebbi ne mafi kusa da na Sakkwato. Inda suka sauka, zargin leƙen asiri kan ƙaru, a kashe mai gari ko mai cajin waya ko ɗan acaɓa bisa zaton shi ke ba da labari. Kasuwa ma na shan wahala. Mutanen Kamba ba su manta yadda rufe iyaka da Nijar daga 2023 zuwa Maris na 2024 ya tsayar da fatauci ba, haka mutanen Zamfara ba su manta watannin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako a 2021 ba.

Babban abin tsoro shi ne haɗewar ɓarawon daji da mai aƙida. Zuwa yanzu yawancin manyan 'yan bindigar Zamfara ba su shiga ƙarƙashin tutar kowa ba, domin ba sa son wanda zai ba su umarni ko ya raba ganima da su. Abokin gaba ɗaya daga waje na iya sa su ga amfanin ƙawance. Ɗaya na da dubban yara da sanin daji, ɗayan na da ƙwarewar haɗa bam da alaƙa da Sahel da kuma hujjar da zai ba yaron da ke jin kunyar a kira shi ɓarawo.

Ba na cewa a ƙi duk wani taimako. Bayanan sirri, da bin sawun kuɗin fansa da zinaren da ke fita daga Anka da Maru, da toshe hanyar makamai, duk abubuwa ne da ƙasashen waje suka fi mu kayan aikinsu. Amma haƙƙin mutanen Kebbi da Zamfara ne su tambayi sanatocinsu da 'yan majalisarsu: wa ke zaɓen inda za a kai hari, wa zai biya diyya in an kashe farar hula, yaushe aikin zai ƙare, kuma wane ɗan sanda da wane alƙali za su zauna a garin bayan jirgi ya wuce.

Akwai kuma taimakon da ya fi na Amurka kusa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, Nijar ta kuma sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a watan Maris. Muddin Abuja da Yamai ba su koma sintiri tare a kan iyakar da ta tashi daga Illela zuwa Kamba ba, ɗan Lakurawan da aka kora daga wannan gefen babur kawai zai hau ya tsallaka wancan, ya jira.